Tarihin Kallon Orka daga Jirgin Ruwa

Kallon orka daga jirgin ruwa sana'a ce ta yawon buɗe ido da ta kafu a gaɓar tekun Fasifik, tsakanin jihar Washinton ta Amurka da lardin British Columbia na Kanada. Orka dabbar teku ce baƙa mai dabbaren fari, tana shayar da 'ya'yanta, tana kuma ɓullowa sama don shan iska. Ita ce mafi girma a dangin dolfin.

Fita da mutane teku don kallon manyan dabbobin ruwa ta faro ne a San Diego a 1955, inda wani masunci, Chuck Chamberlin, ya riƙa ɗibar 'yan kallo a kan dala ɗaya. A wancan zamani ba mai sha'awar kusantar orka. Masunta na ganinta a matsayin ɓarauniyar kifi, har ma a 1961 hukumar kamun kifi ta Kanada ta girke babbar bindiga a mashigin Seymour dominta, ko da yake ba a harba ta ba.

Tunanin jama'a ya fara sauyawa a 1964. Gidan adana halittun ruwa na Vancouver ya tura a kashe orka ɗaya don a sassaƙa siffarta. Aka soke ta da mashi kusa da tsibirin Saturna, ba ta mutu ba, aka jawo ta har gari, aka raɗa mata suna Moby Doll. Kwana 87 ta yi a tsare kafin ta mutu, dubban mutane kuma suka ga cewa dabbar da ake tsoro ba ta da faɗa da ɗan Adam. Sai dai wannan shahara ta jawo musiba: aka shiga kama 'yan ƙananan orka ana sayar wa gidajen wasa. Kamun da aka yi a Penn Cove na Washinton a 1970, inda aka raba uwa da ɗa wasu kuma suka mutu a cikin raga, har yau abin takaici ne. An daina kamun a ruwan Washinton a 1976.

Wanda ya share wa sana'ar hanya shi ne wani masani ɗan Kanada, Michael Bigg. A farkon shekarun 1970 ya gano cewa ana iya gane kowace orka ta hoto, daga tsagar da ke fiffiken bayanta da tabon toka-toka da ke gindinsa. Da haka aka san cewa zuriya-zuriya suke, kowane gida na bin uwa, kuma yawansu bai kai yadda ake zato ba. Shi ya sa yau ɗan jagora a jirgi kan nuna fiffike ɗaya can nesa ya faɗi sunan mai shi da na uwarsa. Kamfanin kallo na farko a lardin ya buɗe a Telegraph Cove a 1980.

Yanzu jiragen kansu sun zama nauyi. Orka da sauti take farauta, ƙarar inji kuwa na rikita ta, ga kifin salmon da wasu zuriyoyinta suke dogaro da shi ya yi ƙaranci. Amurka ta sa zuriyar kudancin yankin, waɗanda yanzu ba su wuce saba'in da 'yan kai ba, cikin masu fuskantar ƙarewa a 2005. A 2018 duniya ta zuba ido ga wata uwa daga wannan zuriya, Tahlequah, tana tura gawar jaririnta har kwana 17. Daga farkon 2025 dokar Washinton ta hana jirgi matsawa kusa da wannan zuriya ƙasa da yadi 1,000.