Ƙafa Dubu a Sararin Charkhi Dadri

Da almurun ranar 12 ga Nuwamba, 1996, manoman Charkhi Dadri, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Delhi na Indiya, suka ga gajimare ya yi jajawur kamar an cinna masa wuta. Kafin su ankara, sai ga ɓaraguzan ƙarfe na zubowa cikin gonaki. Jirage biyu ne suka yi karo a sama: Boeing 747 na kamfanin jiragen Saudiyya, ɗauke da mutum 312, akasarinsu Indiyawa masu zuwa neman abinci a Saudiyya, da kuma Ilyushin 76 na Kazakistan mai mutum 37. Ko ɗaya bai tsira ba.

Duk faɗin sararin nan, me zai haɗa jirage biyu wuri ɗaya? Amsar tana cikin tsarin da aka daɗe ana tafiya a kai. Sama hawa-hawa aka raba ta kamar bene, kowane jirgi da hawan da jami'in kula da zirga-zirga ya ba shi, tsakaninsa da na kusa ƙafa 1,000. Amurka ta tsaurara wannan tsari ne bayan da jirage biyu suka haɗu a saman Grand Canyon a 1956, mutum 128 suka halaka; shekara biyu bayan haka aka kafa hukumar tarayya mai kula da sararin ƙasar. Ƙafa dubu kuwa ba wani abin kirki ba ce, mita 300 ce da 'yan kai. Jirgin da ke gangarowa yana iya cinye ta cikin minti guda.

A daren haɗarin Charkhi Dadri, jirgin Saudiyya ya tashi daga Delhi, aka ce ya tsaya a ƙafa 14,000. Na Kazakistan yana shigowa ta hanya ɗaya da shi, fuska da fuska, aka ce ya sauko zuwa 15,000 ya tsaya. Na Saudiyya ya tsaya inda aka ajiye shi. Ɗayan ya amsa umarni, ya ma sanar cewa yana 15,000, amma bai daina gangarowa ba.

Abin da ya faru cikin ɗakin matuƙan ya isa darasi. A irin wannan jirgi ƙirar Tarayyar Sobiyet, ba matuƙi ne ke magana da ƙasa ba, akwai ma'aikacin rediyo na musamman da ke zaune a baya. Shi ne mai jin Turanci sosai a cikinsu, amma ba shi da ma'aunin tsayi a gabansa, sai ya leƙa ta kafaɗar matuƙa. Mai ji daban, mai gani daban, ke nan. Da jami'in Delhi ya gargaɗe su cewa ga jirgin Saudiyya nan tafe a 14,000, masu bincike sun ɗauka matuƙan sun tsinci lambar ce kawai, suka zaci su ake ba izinin sauka can. Ma'aikacin rediyon ya farga a ƙurarren lokaci, ya ce a yi sama. Aka ƙara wuta, amma kafin jirgin ya kauce sai ya yi karo da na Saudiyya.

Kazakawa sun ce guguwar cikin gajimare ce ta jefo jirginsu ƙasa. Kwamitin binciken Mai Shari'a Ramesh Chandra Lahoti bai karɓi wannan hanzari ba, don na'urar adana bayanan tafiya ba ta nuna haka ba. Ya ɗora laifin kan matuƙan da suka bar tsayin da aka ba su.

Sai dai adalci ya sa a ce Delhi ma da nata. Radar filin jirgin a lokacin tana nuna nisa da jiha ne kurum, ba ta nuna tsayi, saboda haka jami'in ba shi da abin dogaro sai bakin matuƙi. Masu tashi da masu sauka kuma hanya ɗaya suke bi, domin sojan sama sun riƙe mafi yawan sararin yankin. Ga shi babu ɗaya cikin jiragen biyu da ke da TCAS, na'urar da ke hango jirgin da ya matso ta umarci matuƙi ya hau ko ya sauka.

Bayan makoki sai gyara. Indiya ta wajabta wa manyan jiragen da ke ratsa sararinta ɗaukar na'urar TCAS, aka kafa radar mai nuna tsayi, aka raba hanyar shiga Delhi da ta fita. Hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gindaya matakin Turancin da dole matuƙin jirgin ƙasa da ƙasa ya kai. A Turai yanzu, duk wanda ya kauce wa tsayinsa da fiye da ƙafa 300, ana ƙirga shi cikin kurakuran da ake kai rahotonsu, ko da babu wani jirgi kusa.

Mutum 349 aka rasa a Charkhi Dadri, kuma har yau ba a yi karon jirage a sama da ya ci rayuka kamarsa ba.