Ƙananan Namun Daji a Tarihin Farautar Ƙasar Hausa

Idan aka ambaci farauta a ƙasar Hausa, abin da kan fara zuwa zuciya shi ne giwa da ɓauna da gwanki. Tarihin Kano ma da haka ya buɗe, domin an ruwaito cewa Barbushe na Dutsen Dala yakan kashe giwa da sandarsa, ya ɗauko ta a ka. Amma kuwa abin da ya fi shiga tukunyar maharbi yau da gobe ƙananan dabbobi ne, irin su gafiya da gyazbi da beguwa da bushiya da kurege da damo da guza, sai kuma waɗanda samunsu ke da wuya, kamar dabgi da ɗan kunya. Wannan lacca za ta duba yadda naman da a dā ake ɗauka na yara ne da na marasa sa'a ya zama shi ne jigon farauta, da kuma abin da hakan ya jawo.

A zamanin dā farauta hawa-hawa ce. Akwai maharba, waɗanda a wajen Maraɗi da Katsina ake ce wa mahalba, masu gadon sana'ar, masu kwari da baka da dafin ƙwanƙwani. Su ne kan ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe cikin ciyawa har su kusanci barewa. Akwai kuma farautar gayya ta rani, wadda samarin ƙauyuka kan fita da karnuka da kere da gora. A wasu wurare, alal misali Masalata kusa da Birnin Ƙonni, ba a fita wannan farauta sai an yi bikin buɗin daji. Ƙananan namun kuwa kowanne da dabararsa: gafiya hayaƙi ake tura mata a rami, damo tona shi ake yi, beguwa kuma a bakin raminta ake kafa mata tarko. Sanin halayensu ya ratsa harshe, shi ya sa ake kiran damo sarkin haƙuri, ake kuma cewa gafiya tsira da na bakinki.

Abubuwa biyu ne suka tsara abin da ake ci da wanda ake bari. Na farko al'adar kan gida ce ta Maguzawa, wato kowace zuriya tana da dabbar da ba ta kashewa, ba ta ci, kamar kada ko wani irin maciji. Na biyu fiƙihun Malikiyya ne, wanda malamai suka karantar a zaure shekaru aru-aru. Littafin Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya lissafa zomo da bushiya da beguwa cikin abin da ya halatta, ya sanya kura da giwa da kyanwa cikin makaruhi, alade kuwa haramun ne. Saboda haka mugun dawa ya fita daga tukunyar maharbi Musulmi, amma yawancin ƙananan namun suka zauna daram.

Babban sauyi ya faro ne daga wata annoba. A 1887 ciwon shanu ya shigo Afirka ta Iritiriya, tare da shanun da Italiyawa suka kawo, kuma wajen 1891 ya iso ƙasashen Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. Abin mamaki, sunan wannan ciwo a Hausa shi ne bushiya. Ya hallaka shanun Fulani, ya kuma yi wa ɓauna da mugun dawa da raƙumin dawa mummunar ɓarna, domin masu rababben kofato yake kamawa. Gafiya da damo da 'yan'uwansu bai taɓa su ba. Ciwon ya sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983, kuma sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da shi daga duniya.

Bayan annoba sai doka. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kamar yadda Faransawa suka mai da dajin W na Nijar gandun ƙasa a 1954. Abin lura a nan shi ne, hankalin waɗannan dokoki ya fi karkata ga manyan dabbobi. Maharbin da aka hana shi giwa da ɓauna ba a hana shi kurege ba. Bugu da ƙari, noman gyaɗa da auduga ya cinye dazuzzuka, bindigar toka ta yawaita, farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Ya zuwa 1996, raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka saura a yankin Kure na Nijar kimanin 50 ne kacal. Ƙananan namun kuwa suna iya rayuwa a gefen gona, wasunsu ma, kamar gyazbi da gafiya, amfanin gonar suke ci su hayayyafa. Ta haka naman yara ya koma naman manya, ya kai ga ana ƙyafe shi ana kai wa kasuwa.

Sai dai ƙananan ba ɗaya suke ba wajen jure farauta. Gafiya da gyazbi suna haihuwa da yawa, dabgi da ɗan kunya kuwa ɗa guda sukan haifa a lokaci ɗaya. Ɗan kunya, wato dabbar nan mai ɓawo a jiki wadda kan naɗe kanta idan ta ji tsoro, ita ta fi shiga uku, domin ana neman ɓawonta a ƙasashen Asiya. A 2016 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikinta tsakanin ƙasa da ƙasa, amma a watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo suka kama fiye da tan 25 na ɓawon, wanda aka yi lodinsa daga Nijeriya. Akwai kuma batun lafiya. Zazzaɓin Lasa, wanda aka gano a garin Lasa na ƙasar Barno a 1969, daga wani irin ɓera yake fitowa, don haka kama ɓeraye da feɗe su yana da haɗari.

Daga ƙarshe, tarihin nan ya nuna cewa abin da ya sami giwa da ɓauna yana iya samun dabgi da ɗan kunya, kuma ba lalle ne a farga da wuri ba, tunda babu mai ƙirga su. Maharban dā suna da lokacin buɗe daji da lokacin barinsa ya huta, suna da dabbar da kowane gida yake ƙyalewa. Tsofaffin da suka san sawun kowace dabba da lokacin haihuwarta suna nan da sauransu a ƙauyuka, kuma ya kamata masu bincike a jami'o'i da ma'aikatan gandun daji su kai gare su, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.