ZARE: Yadda Amurkawa suka shekara ɗari suna yi wa kifi ƙarya

1/
Ranar da na fara bin maƙwabcina fatsa a Texas, ya ciro kifi kusan tsawon damtsena, ya ɗaga shi na ɗauke shi hoto, sai kawai ya mayar da shi ruwa. Ni da na riga na fara lissafin attaruhu da albasa. Wallahi har muka dawo gida ban huce ba.

Zaren yau a kan wannan ne. Ku gyara zama.

2/
Sunan kifin bass (ba motar bas ba, don Allah). Mafarauci ne, bakinsa wawakeke, yana laɓewa cikin ciyawa ko gindin itacen da ruwa ya cinye, ya afka wa duk abin da ya gifta: ƙaramin kifi, kwaɗo, ƙwaro, har ɗan agwagwa. Wannan zalamar tasa ita ce mafarin labarin gaba ɗaya.

3/
Mu abin da muka sani shi ne a soka tana ko guntun nama a ƙugiya, a jefa, a jira. Su masu bass yawanci koton bogi suke sawa, na katako ko ƙarfe ko roba. Ba ya motsi sai ka motsa shi. Kai ne za ka ba shi rai da sandar hannunka, har kifin ya yarda abinci ne.

4/
Kafin 1900 abin da aka fi sani shi ne "cokali", ɗan faifan ƙarfe mai ƙyalli da ke jujjuyawa a ruwa. Julio Buel ya yi masa rajistar mallaka a 1852. Ana cewa cokalinsa na cin abinci ne ya suɓuce ya faɗa tafki, ya ga kifi ya kai masa cafka.

Ku lura da irin wannan labarin, zai sake dawowa.

5/
Sai James Heddon, mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan. Shi ma dai ana cewa yana zaune bakin ruwa yana fiƙe ɗan itace, ya wurga shi, bass ya taso ya doke shi.

Kusan kowane kamfanin koto yana da labarin "tsautsayi" irin wannan. Ni dai na ɗauke su rabin tarihi rabin talla.

6/
Abin da ba tantama: zuwa 1902 Heddon da 'ya'yansa suna sayar da koton katako mai ƙugiyoyi. A 1939 kamfanin ya fito da Zara Spook, wani abu kamar sigari mai kauri da ke yawo a saman ruwa. Kana ɗan fizgar sanda ƙasa-ƙasa, shi kuma yana karkata dama, hagu, dama, hagu kamar kifin da ya ji ciwo. Har gobe ana sayar da shi.

7/
Yanzu ga labarin da na fi so.

2 ga Yuni 1932, tsakiyar matsin tattalin arzikin nan da ya durƙusar da Amurka. Wani saurayi manomi, George Perry, a jihar Georgia. An sha ruwan sama, gona ta jiƙe ba ta nomuwa, sai shi da abokinsa suka ɗauki kwale-kwale suka shiga wani ɗan tafki, Montgomery Lake.

8/
Ba wasa ya kai shi ba, cefane ya je nema. Da koton katako na kamfanin Creek Chub ya kamo bass mai nauyin fam 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai. Aka auna shi a gidan waya na garin Helena. Ya shigar da shi gasar mujallar Field & Stream, ya ci kyautar kaya na dala 75.

9/
Kifin fa? Suka soya abinsu suka cinye.

Bass mafi girma da aka taɓa rubutawa a tarihi har zuwa lokacin ya ƙare a kasko. Mutane sun ƙarar da dukiya, wasu har aurensu ya girgiza, wajen neman wanda ya fi shi. Shi kuwa Perry iyali ya ciyar. Da na karanta wannan sai na ji ashe ba ni kaɗai ne mai tunanin attaruhu ba.

10/
Mu leƙa Finland. A 1936 wani talakan masunci a tafkin Päijänne, Lauri Rapala, ya lura manyan kifaye ba sa bin garken ƙanana haka kawai, mai ɗingishi suke ware wa. Ya sassaƙa ɓawon itace mara nauyi da wuƙa, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga.

11/
Abin ya yi iyo da 'yar rawa irin ta kifi mai rauni. Shekaru ya yi yana ci da iyalinsa da shi kafin duniya ta sani.

A Agustan 1962 mujallar Life ta yi ɗan rubutu a kansa. Aka yi dace, fitowar ce mai hoton Marilyn Monroe a bango, kwanaki kaɗan bayan mutuwarta. Kowa ya saya. Oda ta yi wa ƙaramar masana'antar Rapala yawa har ta rasa inda za ta sa kanta.

12/
(A gefe: irin wannan koton, babba, shi masu yawon buɗe ido ke ja a bayan jirgi suna kama giwan ruwa a tafkin Nasser na Masar. E, giwan ruwan nan dai da ake tinƙaho da shi a Argungu. Shi ma mafarauci ne, shi ma yana ruɗuwa.)

13/
Amma abin da ya sauya harkar bass na gaske bai da kyan gani ko kaɗan. Tana ce ta roba.

Nick Creme, ma'aikacin injina a Akron ta jihar Ohio, garin masana'antun taya. Ya gaji da tonon tana. Shi da matarsa Cosma suka dinga dafa sinadaran roba a gida har suka samu mai laushi da ba ta bushewa. Wannan a 1949 ne.

14/
Me ya sa tanar ta karɓu? Nan sai an duba madatsun ruwa. Daga shekarun 1930, da hukumar TVA da injiniyoyin soja suka yi ta datse koguna a kudancin Amurka don lantarki da hana ambaliya. Ruwa ya haɗiye dazuzzuka da gonaki. Bass ya samu gida, ya hayayyafa ba kama hannun yaro.

15/
Matsalar ita ce kifin yana can cikin rassan da suka nutse. Ka jefa koton katako mai ƙugiya shida, ya maƙale, kuɗinka ya tafi.

Masunta a gabashin Texas suka samo dabara: a zura 'yar darma mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, a soka ta a kan tanar, sannan a juyo da tsinin a binne shi cikin jikin robar.

16/
Tsini a ɓoye, babu abin da zai kama. Tanar tana ratsa rassa da ciyawa sumul. Kana ɗagawa a hankali, kana saki ta nutse. In kifi ya ɗauka, ɗan "tik" kawai za ka ji a zare, sai ka fizga da ƙarfi tsinin ya huda robar ya shiga baki.

Na yi wata biyu ina fizgar itace kafin hannuna ya gane bambancin.

17/
Cinikin ya yi ƙarfi a Texas har Creme ya kwashe kamfaninsa ya koma garin Tyler. Daga baya wasu suka ƙara wa robar ƙamshi, wasu gishiri, don kifi ya ɗan riƙe ta a baki kafin ya tofar. Daƙiƙa ɗaya ko biyun nan su ake saye.

18/
Sauran kayan ma a wannan zamanin suka taru. Zaren nailan daga DuPont. Ƙaramin injin batir mara ƙara na Minn Kota tun 1934, don a lallaɓa kusa da kifi. Da na'urar naɗe zare ta Zebco wadda yaro ma zai iya jefawa ba ta cukurkuɗe ba.

Zebco ɗin nan asalinsa Zero Hour Bomb Company ne, masu ƙera bam na fasa rijiyoyin mai a Tulsa. Allah mai iko.

19/
To, ya aka yi aka koma sakin kifi? Nan Ray Scott ya shigo, ɗan tallan inshora daga Montgomery ta Alabama. A 1967 ya shirya gasa a tafkin Beaver na Arkansas: mutum 106, kowa ya biya dala 100, da dokoki masu tsauri don hana maguɗi. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S.

20/
A 1971 ya yi gasar zakaru ta farko, Bassmaster Classic. Bai gaya wa 'yan takara inda za a je ba sai da jirgin sama ya tashi. Tafkin Mead, kusa da Las Vegas. Bobby Murray ya ci, dala 10,000. Yau mai cin wannan gasar dala 300,000 yake tafiya da ita.

21/
Sai dai a gasannin farko duk kifin da aka kama kashe shi ake yi. Ku nemi hotunan lokacin, tuli guda a kan katako. Mutanen garuruwan da ke bakin tafkunan suka fara ƙorafi: baƙi sun zo da manyan jirage sun kwashe mana kifi. Kuma suna da gaskiya.

22/
Scott ya ga masu kamun kifin trout a Colorado suna sakin abin da suka kama suna murna. A 1972 ya shigo da tsarin cikin gasarsa. Aka fara sa wa jirage akwatin ruwa mai famfo da ke riƙe kifi da rai. Wanda ya kawo matacce wurin awo a rage masa maki.

23/
Ra'ayina a nan: ba tausayin kifi ne ya kawo wannan ba. Scott ɗan kasuwa ne, ya gane in kifi ya ƙare gasa ta mutu, masu sayar da jirgi da koto su ma sun mutu. Amma dabarar ta yi aiki, har ta zama kamar ibada. Maƙwabcina bai san sunan Ray Scott ba, amma dokarsa yake bi.

24/
Abin da ba a cika faɗa ba: a bakin tafkin nan dai akwai masu zama kan bokiti suna fatsa don tukunya, galibi masu ƙaramin ƙarfi. Doka ta ba su dama su tafi da adadi kaza. Duk da haka na sha ganin irin kallon da masu jirgin dala dubu saba'in ke yi musu in sun ga bass a bokiti. Kallon ya taɓa sauka a kaina.

25/
Kuma sakin ma ya zo da nasa. A wasu ƙananan tafkuna bass ya yi yawa har abinci bai isa ba, duk suka tsumbure. Yanzu jami'an kula da kifi ne ke roƙon mutane su riƙa ɗiban ƙananan suna ci. Mutane sun ƙi.

26/
Wani abin mamaki: masu bincike a Illinois sun shafe shekaru suna ware bass masu saurin cafkar koto da masu wayo, suna haɗa kowane rukuni da irinsa. Suka tarar halin gado ne, 'ya'yan masu wayo sun fi wuyar kamu. Ga kuma kifin da aka saki sau uku, ya ga Zara Spook ya gane ta. Dole kamfani ya fito da sabuwar ƙarya kowace shekara.

27/
Kifin bai tsaya Amurka ba. An kai shi Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya a ƙarshen shekarun 1920. An zuba shi a tafkin Atitlán na Guatemala don jawo 'yan yawon buɗe ido, ya cinye ƙananan kifi da ƙaguwa, ya taimaka wajen ƙarar da wani tsuntsun ruwa da babu irinsa a ko'ina. Kafin 1990 tsuntsun ya ɓace.

28/
Japan ce ta fi ban sha'awa. Wani attajiri, Akaboshi Tetsuma, ya kawo bass tafkin Ashi a 1925. Daga baya aka yi ta zuba shi a ɓoye a wasu ruwaye. Japanawa suka rungumi abin, suka zo suka fi masu shi iya ƙera koto da na'urar zare. A 2004 Takahiro Omori ya je har Amurka ya cinye Classic.

29/
Amma a tafkin Biwa, mafi girma a ƙasar, akwai masunta na gado da ke kama wani kifi da ake yin funazushi da shi, abincin gargajiya mai ɗaruruwan shekaru. Bass da ɗan uwansa bluegill suka far wa 'ya'yan kifayen gida. Sana'ar mutane ta shiga uku.

30/
A 2003 lardin Shiga ya hana mayar da bass cikin Biwa. Ka kama, ka jefa a akwatin da aka ajiye a bakin ruwa. A 2005 dokar ƙasa ta sa shi cikin baƙin halittu masu ɓarna.

Abin da ake yaba maka a Texas, a Biwa saɓa doka ne. Kifi ɗaya, koto ɗaya.

31/
Kuma a Biwa ɗin ne, ran 2 ga Yuli 2009, Manabu Kurita ya kamo bass mai kilo 10.12. Ya ɗara na Perry da abin da bai kai oza ɗaya ba. Dokar hukumar IGFA ta ce sai an ɗara da oza 2 kafin a karɓe kambu, don haka aka rubuta kunnen doki. Bayan shekara 77.

Da me ya kama shi? Da ɗan bluegill mai rai. Ba katako, ba roba.

32/
Rigimar yau ta na'ura ce. Tun ƙarshen shekarun 1950 Lowrance ya fara sayar da akwatin da ke nuna zurfi da kifi a ƙarƙashin jirgi. A 2018 Garmin ya fito da LiveScope: kana kallon kifi a allo yana iyo a gabanka, kana ganin kotonka yana sauka, kana ganin ya juyo ko ya share ka.

33/
Matasa suna ta cin gasa da ita, kansu a sunkuye kan allo daga safe har yamma. Dattawan da suka shekara arba'in suna karantar iska da launin ruwa suna cewa wannan ba su ba ne, wasan kwamfuta ne. Wasu gasanni sun hana ta, wasu sun taƙaita.

Na fi karkata ga dattawan, duk da na san su ma haka aka ce musu lokacin da suka ajiye tana ta gaske suka ɗauki ta roba.

34/
Maƙwabcin nawa bai sayi na'urar ba, ya ce kuɗin ya fi na motarsa ta farko. Satin da ya wuce muka fita da tanar roba mai ruwan kankana, ya kama huɗu ya saki huɗu. Ni na kama biyu. Na saki babban.

Ƙaramin, inci 15, ya haura ma'aunin da doka ta sa. Maƙwabcina ya kau da kai ya yi kamar yana gyara zare, ni kuma na buɗe kula na sa shi cikin ƙanƙara.