Shuka tabar wiwi a cikin gida: inda doka ta yarda da inda ta haramta

Ƙaramin tsiron tabar wiwi da ya fito da ganye biyu a cikin tukunyar roba ba laifi ba ne a birnin Berlin, matuƙar mai shi ya cika shekara 18. A Kano ko Legas kuwa wannan tsiron kan iya kai mai shi gaban Babbar Kotun Tarayya. Darussan renon tsiron da ke yawo a intanet, masu koyar da yadda ake ba shi ruwa da hasken fitila a cikin ɗaki, galibi an shirya su ne a ƙasashen da doka ta ba da dama, kuma ba kasafai suke faɗin iyakar wannan dama ba.

Ƙasashen da suka buɗe ƙofa

Yurugai ce ƙasa ta farko da ta halatta noman wiwi da sayar da shi don shaƙatawa, a Disambar 2013, zamanin Shugaba José Mujica. Hujjar gwamnatinsa ita ce a ƙwace kasuwar daga hannun masu fataucin ƙwayoyi. Dokar ta yarda kowane gida ya shuka guda shida, kada girbin shekara ya wuce giram 480, kuma sai mai shukar ya yi rajista da hukuma. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018 da shuka huɗu ga kowane gida, amma lardin Kebek ya ƙi amincewa da shukar gida, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta ba shi gaskiya a 2023.

Dokar Jamus, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2024, ita ce ta fi jan hankali saboda girman ƙasar a Turai. Baligi na iya shuka guda uku, ya ajiye giram 50 a gida, ya fita da giram 25. Wajibi ne ya kulle shukar da irin yadda yara ba za su kai gare su ba, kuma haramun ne ya sayar da abin da ya girbe ko ya ba wani kyauta. A Amurka abin ya kasu: jihar Kolorado ta yarda da shuka shida tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2012, alhali dokar tarayya ba ta daina haramta tabar ba.

Akwai kuma ƙasar da ta buɗe ƙofar sannan ta janyo ta. Tailan ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a Yunin 2022, gwamnati har ta yi shelar raba dashe miliyan guda ga jama'a. Shaguna suka cika tituna tun kafin a kammala dokar da za ta tsara su. A Yunin 2025 aka dawo da sharaɗin cewa sai da takardar likita za a sayar.

Halin da ake ciki a Afirka

A Afirka ta Kudu alƙalai ne suka fara, kafin 'yan majalisa. Ranar 18 ga Satumban 2018 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa hana baligi shuka ko shan wiwi a keɓe ya saɓa wa 'yancinsa na sirri. Sai a Mayun 2024 Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a dokar da ta biyo bayan hukuncin, kuma cinikin tabar yana nan a matsayin laifi.

Ana yawan ambaton Maroko da Gana a wannan muhawara ba tare da tantancewa ba. Dokar Maroko ta 2021 ta shafi noma don magani da masana'antu ne, da lasisi, a wasu lardunan tsaunukan Rif. A Gana, sashe na 43 na dokar hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta 2020 ya ba da damar lasisin noman nau'in da sinadarin THC, wato mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda majalisa ba ta bi ƙa'ida wajen zartar da shi ba, majalisar ta sake zartarwa a 2023. Babu ko ɗaya cikin ƙasashen biyu da ta yarda mutum ya ajiye tukunyar wiwi a ɗakinsa.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Tsananin dokar Najeriya ya samo asali ne daga mulkin soja. Dokar soja ta 1966 kan tabar wiwi ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka ta. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, kuma sashe na 11 na dokarta ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya shuka ko ya sarrafa hodar ibilis da makamantanta ba da izini ba, kotuna kuwa sun daɗe suna sanya wiwi cikin waɗannan makamantan. Mallaka kaɗai na iya jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Alƙalai kan sassauta a aikace, amma a rubuce dokar ba ta bambanta tukunya guda a bayan gado da gonar kadada goma a dazukan Ondo ko Edo ba. Wannan gurbi ne da ya cancanci muhawara ko da a wurin masu goyon bayan haramcin, domin ya bar makomar matashin da aka kama ga ra'ayin mai gabatar da ƙara da na alƙali.

An yi yunƙurin sauya dokar. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019, ya dawo yana kira da a halatta noman don magani, an kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai, amma babu wanda ya zama doka. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, wanda ya hau kujerar a Janairun 2021, ya sha bayyana adawarsa da halatta shan tabar. A Disambar 2020, lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar 1961 da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya na cikin waɗanda suka ce a'a.

Haramcin bai hana sha ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta masu amfani da wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6.

Abin da fitilar ɗaki ta sauya

Renon wiwi a ɗaki ya bunƙasa ne a Amurka da Holan a shekarun 1980, lokacin da masu noma suka guje wa idon 'yan sanda. Da yake a ɗaki ana iya sarrafa haske da zafi, a kuma zaɓi iri, tabar da ake samu ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Irinta ce ake shigowa da ita Najeriya da sunan Laud. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, wanda ya duba birane da dama na Turai da wani yanki na Brazil, ya gano cewa mai shan tabar kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku a haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuwa mai ƙarfin ce yake sha, haɗarin ya kusa ninki biyar.

Sai batun wuta. Wani masanin makamashi, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa noman wiwi a ɗaki yana cinye kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wutar lantarkin Amurka baki ɗaya, saboda fitilu da fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki da ke aiki kusan dare da rana. Wannan cin wuta da ya wuce ƙima na cikin alamun da 'yan sanda a Birtaniya da Holan ke bi su gano gidajen da aka mayar gonaki.