Hazon Mantuwa: Abin da Ya Raba Ishiguro da Masoyansa a 2015

A watan Maris na 2015, Kazuo Ishiguro ya fitar da The Buried Giant, dogon labarinsa na farko cikin shekara goma. Masoyansa sun daɗe da zuba ido. Da suka buɗe littafin sai suka ci karo da dodanni, da tsohon barde mai tsatsattsen sulke, da wasu tsofaffin ma'aurata masu tafiya a ƙasa suna neman ɗansu. Ga mutane da yawa, nan take murna ta koma ciki.

Kafin a fahimci wannan takaici, sai an san abin da ya saba musu da shi. An haifi Ishiguro a Nagasaki a 1954, iyayensa suka koma Ingila da shi yana ɗan shekara biyar. Littafin da ya ɗaukaka sunansa shi ne The Remains of the Day, wanda ya ci kyautar Booker a 1989. Mai ba da labarin, Stevens, shugaban barorin wani gidan sarauta ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bauta wa ubangida mai sassauci ga 'yan Nazi. Yana magana cikin ladabi, yana kewaye gaskiya, mai karatu kuwa yana hango abin da yake ɓoye wa kansa. Haka ma Kathy ta Never Let Me Go na 2005. Daɗin karanta Ishiguro ke nan: zama a cikin ƙirjin mutum guda, kana jin ciwon da bakinsa ya kasa faɗa.

Wannan muryar ce ya ajiye. Labarin na 2015 ya faru ne a Birtaniya bayan mutuwar Sarki Arthur, inda wani hazo ya lulluɓe ƙasa, yana sa kowa mantuwa. Axl da matarsa Beatrice ba su ma iya tuna abin da ya raba su da ɗansu. A hankali ake gane cewa hazon numfashin wata dodanniya ce mai suna Querig, wadda matsafi Merlin ya yi wa asiri don jama'a su manta kisan gillar da dakarun Arthur suka yi wa ƙauyukan Saksoniyawa. Muddin tana raye, akwai zaman lafiya. Ranar da ta mutu, kowa zai tuna wanda ya kashe masa uwa.

Manyan masu sharhi ba su ɓoye damuwarsu ba. Michiko Kakutani ta jaridar New York Times ta ga labarin bai tsayu da ƙafafunsa ba. James Wood na mujallar New Yorker shi ma bai gamsu da yadda aka gina misalin hazon ba. Ta wani ɓangaren kuma, Ursula Le Guin, gwanar labaran almara, ta fusata da wata hira da Ishiguro ya nuna fargabar kada a ɗauki littafin a matsayin almara kawai; ta ga raini ne ga fagenta. Masu son zahiri suka ce ya yi nisa, masu son almara suka ce bai iso ba. Tun a gida ma ya sha suka: shi da kansa ya ba da labarin cewa matarsa, Lorna, ta karanta shafukan farko ta ce sam ba su yi ba, har ya ajiye aikin na wasu shekaru.

To me ya kai shi? A hirarrakinsa ya bayyana cewa abin da ya faru a Bosniya da Ruwanda cikin shekarun 1990 ne ya tsaya masa a rai: maƙwabtan da suka zauna tare shekara da shekaru, sai rana guda tsohuwar gaba ta tashi kamar wutar ƙaiƙayi. Ya so ya yi tambaya a kan al'umma gaba ɗaya: yaushe mantuwa take magani, yaushe kuma take zalunci? Da ya kafa labarin a Sarayebo ko Kigali, da an karanta shi a matsayin tarihin ƙasa guda. Saboda haka ya nemi filin da babu mai iƙirarin nasa ne.

Sai dai tatsuniya tana da farashi. Wanda ya tashi da labaran Gizo da Ƙoƙi ya san ba a tambayar abin da Gizo yake ji a zuci. Halinsa ake kallo. Ishiguro ya ɗauki mutanen da aka shafe musu tunanin baya, alhali waiwaye shi ne jarinsa tun fil azal. Mai karatun da ya ji sanyi a tsakiyar littafin bai yi ƙarya ba. Zafin yana dawowa ne a babin ƙarshe, inda mai fito ya ce zai tsallakar da Beatrice tsibiri ita kaɗai, bayan ma'auratan sun tuna laifin da kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1995 an yi wa The Unconsoled kaca-kaca, daga baya ya shiga sahun littattafansa da masana suka fi girmamawa. A 2017 kuma, shekara biyu bayan wannan ce-ce-ku-ce, aka ba shi kyautar Nobel. Kyautar ba ta kashe gardamar ba. Har yau akwai masoyansa na haƙiƙa da suka ajiye littafin a tsakiya, kuma ba su da niyyar komawa.