Kundin Tsarin Mulki da Tarihin 'Yancin Ɗan Adam a Ƙasar Adar

Kundin tsarin mulki shi ne babbar dokar da sauran dokokin ƙasa ke rusuna mata, wadda ke raba iko tsakanin gwamnati da majalisa da kotuna, ta kuma zayyana haƙƙoƙin da babu mai ikon tauye wa ɗan ƙasa. Tarihin Tawa da arewacin Adar, inda manoma Hausawa suka daɗe suna cuɗanya da Abzinawan Azawak da Fulani makiyaya, ya nuna irin nisan da ke tsakanin rubuta haƙƙi a takarda da isar sa bukkar talaka.

Faransa ta haramta bauta a yankunanta na Afirka ta Yamma tun 1905, amma ita da kanta ta ci gaba da tilasta wa talakawa aikin dole har 1946, kuma iyalai da dama sun ci gaba da gadon matsayin bayi, suna kiwon dabbobin iyayen gijinsu suna jan ruwa daga rijiyoyi masu zurfi ba tare da lada ba. Kundin Nijar na 8 ga Nuwamba 1960 ya yi aiki ne a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, kafin juyin mulkin Seyni Kountché na 1974 ya jingine shi. Sauyi ya zo bayan kashe-kashen Cintabaraden na watan Mayun 1990, waɗanda suka shiga cikin manyan batutuwan da Taron Ƙasa na 1991 ya tattauna, taron da ya share hanya ga kundin 26 ga Disamba 1992 mai tsarin jam'iyyu da yawa. A wannan iska ta 'yanci aka kafa ƙungiyar Timidria a 1991, wadda ta matsa lamba har dokar 2003 ta mayar da bautar da mutum laifin da ke jawo ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Zakaran gwajin dafi ya fito daga kudancin jihar Tawa, a yankin Ƙonni, inda aka sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa a matsayin wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan matan aure huɗu, ba sadaki ba gado, sai daka da aikin gona. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa, hukuncin da ya tabbatar cewa al'ada ba ta rinjayar haƙƙin da doka ta bayar.

Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya jaddada daidaiton 'yan ƙasa a gaban doka, ya haramta bauta da azabtarwa a sashe na 14, ya kuma taƙaita shugabanci ga wa'adi biyu na shekara biyar, ƙa'idar da shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a ƙasar Ilela, ya mutunta a 2021. Sojoji sun jingine wannan kundi a ranar 26 ga Yuli 2023, don haka nauyin kare haƙƙin mai rauni a Adar ya ƙara komawa wuyan alƙalai da sarakuna da malamai da ƙungiyoyin farar hula, domin su ne talaka ke iya kai wa kuka.