Bryan Roth

Bryan L. Roth Ba'amurke ne, masanin harhaɗa magunguna kuma likitan ƙwaƙwalwa, farfesa a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill. Bincikensa ya fi karkata ga makarɓan sinadarin serotonin, wato sunadaran da ke jikin ƙwayoyin halitta waɗanda magani ke maƙalewa a kansu kafin ya yi aiki.

A shekarar 2000 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa maganin rage ƙiba fenfluramine, wanda aka janye daga kasuwa a 1997, yana lalata ƙofofin zuciya ne ta hanyar tayar da makarɓin serotonin mai suna 5-HT2B. Wannan aiki ya amfani marasa lafiya, domin tun daga nan ake gwada sababbin magunguna a kan wannan makarɓi.

A 2017 ɗakin bincikensa ya fitar da siffar ƙwayar maye ta LSD a maƙale cikin makarɓin. Ashe wani ɓangaren sunadarin ne ke rufe ta kamar murfi, shi ya sa mayenta ke daɗewa. Roth ne kuma ya jagoranci ƙirƙiro fasahar bincike mai suna DREADD a 2007.